Wasiƙa Daga Ingila: Mataccen Ɗigo A Kyamara Da Masu Cewa "Ƙaddara Ce"



'Yan'uwa da abokan arziki, yau wasiƙar tawa ta faɗa ce, don haka wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri. Maganar kuwa ita ce ta kyamarorin da mutanenmu ke sarowa daga Dubai su kawo Kano, ko waɗanda ake ba da saƙon a sayo wa masu hoton biki da masu ɗaukar fim. Sai an kawo gida an fara aiki, a ga wani ɗan ɗigo ja ko fari ko baƙi yana fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto, ko a goshin amarya ko a kan babbar rigar ango. In an koma wa wanda ya sayar, amsa uku ce ba ta wuce su ba: "ni ma haka na sayo", ko "ai ɗigo ɗaya ne kawai", ko kuma babbar cikinsu, "ƙaddara ce, Alhaji, a yi haƙuri". Ni dai ra'ayina shi ne, samun aibi a idon kyamara ba abin kunya ba ne, domin babu kamfanin da ya tsira daga shi. Abin kunyar shi ne mutum ya sani ya ɓoye, ko ya ƙi dubawa da gangan don kada ya sani.

Bari in fara da Dubai ɗin kanta. Duk wanda ya taɓa zuwa Deira ya san unguwar Al Ras, can bakin mashigin ruwa inda jiragen katako ke lodi, inda manyan dilolin shinkafa da kayan ƙamshi suke, ga kuma kasuwar zinare a maƙwabtaka. Ku lura da ɗan kasuwarmu idan ya shiga nan. Ba ya sayen buhun shinkafa sai an huda ya ga ƙwaya a tafin hannunsa. Ba ya sayen turaren wuta sai an ɗora a garwashi ya shaƙa. Hajiya kuwa ba ta biyan kuɗin sarƙa sai an ɗora a sikeli ta ga giram nawa ce, ta kuma duba hatimin 21 ko 22. Wannan al'ada tsohuwa ce a wurin. Makarantar Al Ahmadiya da ke Al Ras, wadda aka kafa a 1912, attajirin lu'ulu'u ne ya assasa ta, kuma attajiran wancan zamani da 'yan rariyoyi suke tace lu'ulu'u gwargwadon girmansa, su duba shi ɗaya bayan ɗaya kafin su yanka farashi. To, mutumin nan da ya huda buhu a Al Ras, shi ne zai taka zuwa shagunan kayan lantarki na wajen Naif ko Baniyas, ya ɗauki kyamarar miliyoyin naira, ya duba kwali, ya ga leda ba a yage ba, ya biya ya fita. Wannan ba cinikin biri a sama ba ne? Abin ya ƙara muni tsakanin 2022 da 2024, lokacin da aka dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza, ciniki ya koma ta WhatsApp, hoton kwali kawai ake turo wa mutum ya tura kuɗi.

Don mu fahimci juna, ga yadda abin yake. A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, shi ne ya maye gurbin fim ɗin da. An jera masa ƙananan ɗigogi masu karɓar haske, kowanne yana mayar da hasken da ya faɗo masa zuwa lantarki. Kyamarar da aka ce megafiksel 24 ce, tana da ɗigo 6,000 a kwance, 4,000 a tsaye, wato miliyan 24 ke nan. Ta farko da Steven Sasson ya harhaɗa a kamfanin Kodak a 1975, ɗigo dubu 10 kacal gare ta. A saman kowane ɗigo akwai ɗan matacin launi, rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, shi ya sa ɗigon da ya lalace yakan fito da ɗaya daga cikin launukan nan.

Lalacewar iri uku ce. Akwai mataccen ɗigo, wanda ba ya jin haske sam, ya fito baƙi. Akwai maƙalalle, wanda ya tsaya a haske ɗaya ko da rana ko da dare. Akwai kuma mai zafi, wanda lantarki ke yoyo a cikinsa, ba a ganinsa sai an daɗe da buɗe shata, ko an ɗaga ISO, ko kyamara ta ɗumama. Yoyon nan yakan ninka duk lokacin da zafin sensa ya ƙaru da digiri 6 zuwa 8. Ke nan kyamarar da aka gwada cikin sanyin na'urar shago a Deira tana iya nuna wani hali dabam a filin hawan Sallah, ko a Kano cikin watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40.

Yanzu mu ɗauki amsoshin nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Mai cewa "ai ɗigo ɗaya ne" yana da 'yar gaskiya, kuma ba zan danne masa ita ba. Babu sensa da ke fitowa daga masana'anta ba tabo. Kamfani kan gano ɗigogin da suka lalace, ya rubuta wurarensu a ƙwaƙwalwar kyamara, ita kuma ta riƙa cike gurbinsu da abin da maƙwabtansu suka gani. Sababbi kuma suna ɓullowa da shekaru, har da waɗanda ƙwayoyi masu ƙarfi da ke zubowa daga sararin samaniya ke haddasawa. Wasu kyamarori, irin na Olympus da Pentax da wasu sababbin Nikon, suna da wurin da aka rubuta Pixel Mapping a cikin menu, in ka danna sai kyamara ta sake lissafin da kanta cikin ɗan lokaci. Allon baya ma, littattafan kamfanoni kan ce kashi 99.99 cikin 100 na ɗigoginsa ne suka yi alkawarin suna aiki, wato a allo mai ɗigo miliyan 1 ana iya samun har 100 marasa kyau, kuma wannan ba ya shiga cikin hoto. Don haka mai saye da zai tayar da jijiyar wuya saboda ɗigo biyu da ba sa fitowa sai an buɗe shata daƙiƙa 30, shi ma bai yi adalci ba. Amma fa wa ke da ikon cewa aibi ƙarami ne? Wanda zai biya kuɗi ya yi aiki da kayan. Ɗigon da mai hoto zai goge da dannawa ɗaya a kwamfuta, ga mai bidiyo bala'i ne, domin yana nan daram a hoto 25 na kowace daƙiƙa, kyamara na juyawa shi yana tsaye kamar tauraro. Ka faɗa masa, ka rage masa kuɗi, in ya yarda shi ke nan. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aka sayar wa rariya da sunan ƙwarya kuwa, an cuce shi.

Mai cewa "ni ma haka na sayo", tambayata gare shi ita ce, da ka saya ka duba? Idan ka duba ka gani ka yi shiru, ha'inci ne. Idan ba ka duba ba, sakacinka ne, kuma ba daidai ba ne ka ɗora asarar a kan yaron da ya tara kuɗin hoton suna da na biki shekara biyu kafin ya sayi kyamarar. Kai ne ka je Dubai, kai ke da rasit, kai ka san shagon. Hadaddiyar Daular Larabawa tana da dokar kare masu saye tun 2006, aka sabunta ta da doka mai lamba 15 ta 2020, wadda ta wajabta wa mai sayarwa ya gyara ko ya canza ko ya mayar da kuɗi in an sami aibi. Sai dai da yawa cikin mutanenmu ba sa karɓar rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamara, ba sa tambayar ko garantin na wane yanki ne, alhali garantin kyamarori da yawa ba ya aiki sai a yankin da aka yi kayan dominsa. Wasu kuma da saninsu suke ɗauko ta hannu wadda aka goge aka mayar cikin kwali, don ta fi araha, su zo Farm Centre ko titin Beirut su ce sabuwa dal. Araha dai ba ta ado.

Mai cewa "ƙaddara ce" shi ya fi ba ni haushi, don ya jawo addini ya rufe cuta da shi. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya koya mana hukuncin aibi a ciniki. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya san an hana ɓoye aibin haja, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi a jikinsa yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Mun kuma san labarin da Muslim ya ruwaito, na mai tsibin abinci da ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawatar masa. A nan Ingila dokar 2015 ta bai wa mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa cif. In na faɗa sai a ce ai can Turai ne. To malamanmu sun riga su da shekara dubu. A Nijeriya ma akwai dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019, da hukumar FCCPC. Takardar nan da ake mannawa a shago cewa in an fita da kaya ba a dawowa da shi, ba ta halatta ɓoye aibi, a shari'a ko a doka.

Ku dubi yadda manyan kamfanonin suka yi da nasu aibin. A Oktoban 2005 Sony ta amsa cewa wasu sensa da ta ƙera tsakanin 2002 da 2004 suna mutuwa, musamman a wurare masu zafi da laima, saboda siraran wayoyin ciki suna sakin jiki. Abin ya shafi kyamarorin Canon da Nikon da Fujifilm da wasunsu masu amfani da sensar, aka kuma yi gyara kyauta ko da garanti ya ƙare. Nikon D600 da ta fito a 2012 ta yi ta tara tabo a kan sensa, masu ita suka yi ta ƙorafi, har a Fabrairun 2014 kamfanin ya ce zai duba ya canza shata kyauta, a watan Maris kuma hukumomin China suka sa aka daina sayar da ita a ƙasar. Leica ma, da tsadarta, ta amsa a 2014 cewa gilashin sensar M9 yana zagwanyewa. Ba don kirki kawai suka yi ba, don masu saye sun ƙi yin shiru ne. Da mu ne, da tuni an ce a bar wa Allah.

Gwajin kuwa bai fi minti 10 ba, kuma ina roƙon duk wanda aka ba saƙo ya yi shi a gaban mai shago. A rufe lens da murfinsa, a sa kyamara a M, a kashe abin rage hayaniyar dogon ɗauka, a ɗauki hoto a ISO 100 da shata mai sauri, sannan daƙiƙa 1, sannan daƙiƙa 30. Hoto ya kamata ya fito baƙi ƙirin, duk ɗigon da ya haska an kama shi. Wanda ya fito tun a shata mai sauri shi ne abin damuwa. Sai a cire murfi a ɗauki farar takarda don kama matattu. A ɗauki farin bango a f/16, in an ga tabo mai dishi-dishi ƙura ce, ana gogewa, kuma da hunturun ƙasarmu dole a saba da ita. A ɗauki bidiyon minti ɗaya a wuri mai duhu. A buɗe duka a kwamfuta a faɗaɗa sosai. In ɗigo bai motsa ba alhali ana jan hoto a bayan kyamara, na allo ne. In aka ga layi siriri ya ratsa hoto daga sama zuwa ƙasa, ko gungun ɗigogi a wuri ɗaya, a ajiye a nemi wata. A adana hotunan gwajin nan, domin su ne shaidar da za ta raba tsohon aibi da sabo. Ina faɗin haka ne don masu saye ma suna da nasu laifin: fitilun laser da ake haskawa a wuraren biki suna ƙona sensa nan take, kuma wanda ya ƙona tasa ta haka ba shi da haƙƙin ya ɗora wa ɗan kasuwa.

Ga yayyenmu da iyayen gidanmu masu zuwa Dubai, Allah Ya ƙara arziki, abin da nake nema ɗan kaɗan ne. Ku gwada kafin ku biya, ku karɓi rasit da lamba, ku faɗi abin da kuka gani, ku ba mai saye ko da kwana 7 ne ya gwada. Ɗan kasuwar da ya yi haka, masu hoton gari kaf za su san shagonsa cikin wata guda. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A gaishe da su Hajiya da yara da duk mutanen gida. Wanda bai yarda da ni ba ya rubuto, ina saurare. Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Ingila.