Kafin a ce laftof ta mutu, a fara tuhumar caja

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, laftof ta zama kayan aiki a garin. Ɗaliban jami'ar da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ita suke rubuta furojet, masu shagunan buga takardu a nan da Kurfi kuma da ita suke cin abinci. Sai dai da zarar ta ƙi tashi, hukuncin da ake saurin yankewa shi ne "bod ya ƙone". A ganina, sau da yawa ana binne kwamfuta da ranta.

Wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne caja. Aikinta ta rage wutar soket, mai ƙarfin 230V, zuwa abin da injin ke buƙata: 19.5V a yawancin HP da Dell, 20V a Lenovo. Jabun caja mai arha ba ta da kariyar kirki, don haka idan an kawo wuta da ƙarfi ko ƙaramin janareta ya yi tangal-tangal, bugun na iya zarcewa cikin injin. Araha ba ta ado, balle a kan na'urar da ke ɗauke da aikin shekara huɗu.

Kafin ka kai ta wurin gyara, zare caja, ka cire batir idan mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka sake jonawa. In ba ta tashi ba, ari cajar kamfani ɗaya wadda bakinta da lambar V suka yi daidai da taka. In tana aiki da caja amma tana mutuwa da an zare, batir ne ya gaji. In kuma tana ɗaukewa bayan ta yi zafi, ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40. A daina ɗora ta kan katifa.

Masu gyara ma da nasu. Ƙwarewa a gyaran waya daban, a laftof daban. Duk wanda zai ce bod ya ƙone, ya fara auna caja da bakin caji da mita a gaban mai kaya. Ka nema, haƙƙinka ne, musamman idan kuɗin mota ka biya daga Kurfi.

Ina kira ga hukumomin makarantun biyu da ƙungiyoyin ɗalibai su samar da wuraren caji masu aiki da sola, domin wutarta ta fi ta janareta daidaito. Kai kuma ɗalibi, tura furojet ɗinka cikin imel ko Google Drive duk dare. Ana sake sayen caja, amma babi biyar da suka salwanta ana saura mako guda a miƙa aiki ba a samunsu a kasuwa.