Ƙaramin “s” ya gagari masu digiri

Jama'a, ku ɗaga kai ku karanta ƙyallayen da ake ratayawa a ƙofar ɗakunan taro. “2 Days Workshop.” “3 Days Seminar.” Dillalan gidaje sun cika bango da “3 bedrooms flat”. Jarida ta buga “a 10 years old girl”, edita ya gani ya sa hannu.

Duk kuskure ne. Kuma ba ɗan acaɓa ya rubuta ba. Masu digiri ne, masu kwat, waɗanda in ka yi musu Hausa a ofis sai su dube ka a yatsine.

Ƙa'idar ba ta kai a yi mata taron bita ba. Idan lamba da suna suka haɗu gaban wani suna don siffanta shi, sun zama sifa guda, sifar Turanci kuwa ba ta ɗaukar jam'i. Sunan ya tsaya tilo, a ɗaure su da karan ɗori: “two-day workshop”, “three-bedroom flat”, “ten-year-old girl”. In maganar ta koma bayan aikatau, “s” ya dawo, karan ɗori ya faɗi: “the girl is ten years old”. Shi ke nan fa!

Za su ce Hausa ce ta ja su. Gaskiya ne, mu muna cewa farin doki, fararen dawakai, sifa tana bin suna zuwa jam'i, don haka kunnen Bahaushe yana neman “s” ɗin nan. Wannan uzurin ɗan firamare ne. Malamin da aka ɗauka don ya gyara kunnen, kuma yake karɓar albashi duk wata, shi mene ne uzurinsa?

A 2007, zamanin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, an yi ta nanata “Seven-Point Agenda” a rediyo da talabijin safe da yamma. Wa ya taɓa jin an ce “points”? Malamai sun ji, sun faɗa da bakinsu, sun koma aji sun rubuta “five years plan” a allo.

Abin da ya fi ƙona rai, su ne ke zane yaro don ya yi Hausa a aji, har da cin tara. Yaron ya kwafi abin da ke allo, ya shiga WAEC ko NECO, ya faɗi Turanci, jami'a ta rufe masa ƙofa. Sai a ce yaran yanzu ba sa karatu. To wa ya koya musu?

Masu cewa ai an gane, su duba wannan. “Twenty four-hour shifts” aiki ne sau ashirin, kowanne awa huɗu. “Twenty-four-hour shifts” kuwa kowanne kwana da yini ne cur. Ɗan karan ɗori ɗaya ne ya raba su, kuma a takardar kwangila ma'aikaci ne zai kwana a tsaye.

Iyaye, yau da daddare ku buɗe littafin Turancin ɗanku. In kun ga “a two weeks holiday” da jan biron malami yana cewa daidai, gobe ku kai wa hedimasta littafin, ku ce ya karanta da ƙarfi.