Kada mu bari fitilar tashe ta mutu a Gaya

Lokacin da muke yara a nan Gaya, goma ga azumi na yi sai mu bazama neman gwangwanin madara. Mu huda shi da ƙusa, mu dasa guntun kyandir a ciki, mu ɗaura masa igiya. Bayan an idar da asham, sai mu bi gida-gida muna tashe, wanda Zabarmawa ke kira tobai-tobai, ana ba mu gero ko 'yan kuɗi. A azumin bara, ƙungiyoyin yara biyu kacal suka leƙo gidana.

Na san hujjar iyaye. Wasu na cewa dare ya lalace, ga babura, ga 'yan shaye-shaye. Wasu kuma na ganin bara ce kawai aka sauya wa suna. Tsoron dare gaskiya ne, amma maganinsa rakiya. Batun bara kuwa ban yarda ba, domin ɗan tashe sai ya yi wasa, ya ba da dariya, ya zungure marowaci da malalaci kafin a miƙa masa wani abu.

Mu dubi Ndar, wato tsibirin Saint-Louis na ƙasar Senegal, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Bikin fitilunsu da ake kira Fanal ya samo asali ne daga attajiran matan garin da ake haska wa hanya zuwa coci a daren Kirsimeti. Yau Musulmin garin ma nasu ne: a ƙarshen Disamba unguwanni kan ƙera manyan fitilu na katako da takarda, su zagaya gari da kiɗa. Abin ya ɗore ne saboda manya sun sa hannu.

Malamai 'yan'uwana, mu ware awa ɗaya kafin azumi, yara su ƙera fitilunsu a aji, a kuma gayyato dattijon unguwa ya koya musu wasannin da ya yi. Iyaye, kowace ƙungiya a haɗa ta da babba ɗaya, a tsaya cikin unguwa, ƙarfe goma kowa ya koma gida. Mai tsoron gobara ya sa ƙaramar tocila a madadin kyandir.

Ni dai na fara tara gwangwanaye. Wanda ke da su ya aiko mini kafin watan Sha'aban ya ƙare.