Sha'anin Mota: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk shekara idan damana ta yi nisa, daga tsakiyar watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, akwai wata ƴar jar fitila mai siffar batir da ke hana direbobi barci tun daga Tawa har Damagaram. Ɗan kasuwa ya sauka daga gudron ya bi hanyar ƙauye don cin kasuwar mako, ko kuwa ma'aikacin gwamnati ya fita rangadi da motar aiki. An ratsa Gulbin Kaba, ko kwarin Magiya, ko fadamun Korama. Mota ta kafe cikin taɓo, an tara samarin gari an tura, an fito da ƙyar, kowa ya yi hamdala. Sai a kan hanyar komowa, ko bayan kwana uku, fitilar nan ta kama a tablo. Washegari da asuba a murɗa makulli, mota ta ce ƙas, ta yi shiru.

Abin da akasarin masu mota ke yi a wannan hali sananne ne: a aiki yaro kasuwa ya sayo sabon batir. Motar ta tashi, a yi murna, a yi ta zirga-zirga kwana biyu ko uku, sa'an nan sabon batirin shi ma ya kwanta inda tsohon ya kwanta. Daga nan sai a garzaya garaji, inda wani zai leƙa injin daga nesa ya ce altarnatar ta ƙone, a sayo wata. Kuɗi ya fita sau biyu, an yi asarar kasuwa ɗaya ko biyu, alhali sau da yawa laifin bai wuce na busasshiyar laka ko wata ƴar waya da ta yi tsatsa ba.

Tushen ruɗanin shi ne hoton da aka zana a kan fitilar. Hoton batir ne, amma ba zancen batir take yi ba. Batir randa ce kawai. Altarnatar, wadda tsofaffin makanikai ke kira dinamo har yau, ita ce ɗan garuwan da ke cika randar muddin inji na juyawa. Fitilar tana cewa ne ɗan garuwa ya daina zuwa. Wanda ya ga haka ya tafi ya sayo sabuwar randa cike da ruwa, zai sha na kwana biyu, amma ƙishirwa tana nan tana jiransa.

Me ya sa taɓo ke yi wa altarnatar illa haka? Domin ba rufaffiya ba ce. Tana yin zafi ƙwarai idan tana aiki, shi ya sa aka yi mata tagogi gaba da baya, da fanka mai jawo iska ta ratsa cikinta. Inda iska ke shiga, nan ruwan laka ke shiga, balle a motocin da aka ɗaura ta can ƙasa kusa da taya. Ruwa tsabtatacce bai cika yi mata komai ba, yakan bushe ta ci gaba da aiki. Laka kuwa zafin inji ke gasa ta, ta sandare kamar tubali. A bayan altarnatar akwai ƴan gawayi guda biyu, waɗanda ake kira sharbon, kowanne da ƴar wayar ƙarfe mai dannawa da ke tura shi ya riƙa gugar wani zoben tagulla mai juyawa. Ta wannan guga ce wuta kaɗan ke shiga ta haifar da wuta mai yawa. Idan laka ta bushe a ramin da sharbon ke kai da komo, sai ya maƙale, ya daina taɓa zoben, caji ya tsaya cak, alhali babu abin da ya ƙone.

Wannan ita ce illar gaggawa. Akwai kuma ta sannu a hankali, wadda ta fi cin kuɗi. Taɓon ƙasar nan rabinsa rairayi ne. Rairayin yakan zauna tsakanin sharbon da zobe ya yi ta cin su kamar dutsen wasa wuƙa. Yakan kutsa cikin rulma ya gauraya da man da ke ciki har ta fara gurnani. Lakar da ta toshe tagogi kuma takan hana iska, zafi ya taru a kan diyod, wato ƴan ƙofofin nan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai zuwa batir. Shi ya sa motar da ta fito daga fadama lafiya lau a watan Agusta takan zo ta kwanta a watan Oktoba, mai ita ya rasa dalili, don ya riga ya manta da ranar da ya kafe.

To, idan fitilar ta kama ana cikin daji fa? Abu na farko shi ne a tsaya a kashe inji a ɗaga kapo a dubi fambel. Ba don caji kaɗai ba: a yawancin tsofaffin injuna, fambel ɗin da ke juya altarnatar shi ne ke juya famfon ruwan da ke sanyaya inji. Idan ya tsinke ko ya zame daga kan puli aka ci gaba da tafiya, kafin a yi nisa inji ya tafasa, gyaran ƴan jikkuna ya koma na dubbai ɗaruruwa. Masu tsohuwar Hilux ta gazuwal, mai inji 2L ko 3L, suna da ƙarin dalili: a bayan altarnatar ɗinsu aka ɗaura famfon da ke tausasa birki, saboda haka idan ta daina juyawa, birki yakan yi tauri kamar an taka dutse. Idan kuwa fambel jiƙewa kawai ya yi, za a ji shi yana ƙara, fitila tana kamawa tana mutuwa, bayan ƴar tafiya ya bushe komai ya daidaita. A kankare lakar da ta cika kwarmin puli da ɗan itace, a danna tsakiyar fambel da babban yatsa: idan irin na da ne mai kwarmi ɗaya, bai kamata ya lotsa fiye da kimanin santimita 1 ba.

Idan fambel lafiya yake amma fitila ta ƙi mutuwa, motar tana tafiya ne da guzurin da ke cikin batir. Tsohon injin gazuwal mai famfon ƙarfe ba ya bukatar wuta sai kaɗan, yana iya yini yana tafiya da rana. Injin esansi yana cin wuta a kowane bugu na buji, tafiyarsa ba ta kai haka ba. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa, ko na gazuwal ne, da zarar wuta ta yi ƙasa sai su mutu a tsakiyar hanya. A kashe na'urar sanyi da rediyo, a cire wayoyin da aka jona caji, a yi ƙoƙarin isa gari kafin magariba, domin manyan fitilu su ne ke shanye guzurin da sauri. In dole sai an kashe inji, a tsaya a kan gangara.

A garaji ne ake yin ɓarnar da ta fi ta taɓo. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare: a tada inji, a cire kan batir, a ce idan mota ta mutu altarnatar ba ta caji, idan ta ci gaba tana yi. Ƙanwar wannan al'ada ita ce a aro batir a tada mota, a cire shi inji na juyawa, a mayar da wanda ya mutu. A zamanin dinamo na ainihi an yi haka an kwana lafiya. Altarnatar ba ta jure wannan. Batir shi ne ke shanye hauhawar wuta. Idan aka cire shi farat ɗaya, wutar takan yi tsalle ta ninka sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta ƙona diyod ko regilatar, a sabuwar mota kuma har da kwamfutar inji. Sai a wayi gari gwajin da aka yi don gano cuta shi ne ya kawo ta. Mai mota yana da ikon cewa, cikin ladabi, "Maigida, don Allah a bar kan batir ɗin nan, a kawo mita a auna." Makanikin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. Haka nan jona batir da batir a juye, jan waya a wurin baƙa, yana kashe diyod nan take, kuma a cikin duhu da ruwan sama ne aka fi yin wannan kuskure.

Mitar awon wuta ba abin wuya ba ce a yau. Masu gyaran wayar salula da masu haɗa wutar sola duk suna da ita. Awon kuma bai wuce minti biyar ba. Inji a kashe, batir ya huta: volt 12,6 cikakke ne, 12,2 kusan rabi, ƙasa da 12 ya zube. A tada inji a ɗan taka totur: ya kamata mita ta hau tsakanin 13,5 da 14,5, ta kuma tsaya sama da 13 ko an kunna fitilu. Idan ta tsaya inda take tun farko, ko tana sauka, babu caji. Idan ta haura 15 a tsohuwar mota, regilatar ta lalace, batir zai yi ta tafasa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kamiyo da sauran motoci masu volt 24, sai a ninka waɗannan alkaluma biyu. Wasu sababbin motoci kuwa kwamfuta ce ke rage caji ko ƙara shi yadda ta ga dama, don haka awonsu yakan yi hawa da sauka ba tare da wata cuta ba.

A nan ne mai haƙuri ke tsirar da kuɗinsa. Rashin caji a kan batir bai tabbatar da cewa altarnatar ta mutu ba. A ɗora mita a kan babban kusoshin da ke bayanta, inda kakkaurar waya ta fita. Idan can akwai 14 amma kan batir 12 ne, altarnatar tana aikinta, hanya ce ta yanke: ko wayar ta ci tsatsa, ko babban fizibil ya ƙone. Bambancin awon wuraren biyu bai kamata ya kai rabin volt ba. A duba wayar mas da ta haɗa inji da jikin mota, wadda take can ƙasa inda laka ke kwana. A zare ƴar soket ɗin da ke bayan altarnatar, sau da yawa za a tarar ta cika da ƙasa ko ta yi kore. Akwai ma wani abin mamaki a wasu tsofaffin motocin Turai: ta cikin ƙwan fitilar tablo ne wutar farko ke bi ta tada altarnatar. Idan ƙwan ya mutu, caji yana iya ƙin farawa, kuma babu fitilar da za ta ba da labari. Saboda haka direba ya saba da duba ta kowace safiya: ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu idan inji ya tashi.

Sai batun wanki, wanda ya kamata a yi tun ranar da aka fito daga taɓo, ba sai fitila ta kama ba. A bar inji ya huce tukuna. A cire baƙar wayar batir. A yi ta zuba ruwa mai tsabta a hankali ta tagogin altarnatar, da buta ko tiyo marar ƙarfi, har ruwan da ke fitowa ya daina yin ja. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana tura ruwa da rairayi cikin rulma, kada a kusanto da bakinsa. Gazuwal da wasu yaran garaji ke wanke komai da shi yana barin maiƙo, maiƙo kuma ƙura yake kira. Esansi kuwa gobara ce. A busar da iskar famfon taya, ko a bar kapo a buɗe rana ta yi aikinta. Sharbon da ya maƙale sau da yawa wannan wankin kaɗai ke sakinsa.

In an yi duk wannan caji bai dawo ba, sai a kwance ta a kai wa mai gyaran wutar mota ya buɗe, mai mota na tsaye. Sharbon da ya rage ƙasa da milimita 5 ya ƙare. Zoben da ya yi baƙi a goge shi da lallausar takardar guga. Rulma mai gurnani a sauya ta. Diyod da ta lalace tana da alamunta: fitilar tablo takan yi ja dishi-dishi, ko batir ya zube cikin dare mota na ajiye. Duk waɗannan ana sayar da su ɗai-ɗai, kuma altarnatar ta asali da aka sauya wa sharbon da rulma ta fi sabuwa mai araha da ba a san inda aka ƙera ta ba. In kuwa naɗin wayar tagullar ciki ya ƙone ya yi baƙi har yana ƙauri, to sayen wata ya wajaba, kuma a duba lambar ampa da ke rubuce a jikinta, kada a ɗauki wadda ta gaza ta farko.

Shi kuwa tsohon batir da aka ɗora wa laifi aka jefar a zaure, kada a yi saurin sayar wa masu awon dalma. Batirin da ya sha tada mota sau goma cikin fadama, ga fitilu ga abin share gilashi, zubewa ya yi, ba mutuwa ba. Amma kada a bar wa altarnatar aikin cika shi daga ƙasa, don wannan nauyin yana gasa ta, balle wadda ta fito daga jinya. A kai shi wurin masu caji ya kwana a kan wuta marar ƙarfi, kuma kada a jinkirta, domin batirin da ya daɗe a zube ba ya komawa yadda yake. Bayan an cire shi a bar shi ya huta yini guda, sa'an nan a auna. Idan ya riƙe 12,5 ko sama, ya kuma juya inji da ƙarfi, a mayar da shi mazauninsa.