Masu Gidajen Haya, Ku Buɗe Tagogin Nan

Hunturu ya ƙarato, kuma duk wanda ya daɗe a Sabo ya san abin da ke biyo baya. Masu gidan wanka za su hura wuta a ƙarƙashin tanki, masu hali su kira mai aikin famfo ya ɗaura musu hita ta gas a banɗaki, talaka kuma ya shigo da kaskon gawayi ɗaki ya ja ƙyaure. Neman ɗumi ba laifi ba ne. Maganata da waɗanda suka mai da ɗakuna akwati ce, suna kuma karɓar kuɗin haya cif-cif.

Wuta hanya biyu take so: inda iska za ta shigo mata, da inda hayaƙinta zai fita. In iska ta yi mata kaɗan, sai ta riƙa fitar da gubar da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba wari, ba launi. Jinin mutum yana riƙe ta fiye da yadda yake riƙe iskar oksijin sama da sau 200. Da ciwon kai take farawa, sai jiri da tashin zuciya, mutum ya ce maleriya ce, ya sha fanadol ya kwanta. Wanda ta tarar yana barci kuwa, ko motsi ba lallai ya yi ba.

Za a ce mini wuri ne ya yi kaɗan. Gaskiya ne, tun 1916 da aka keɓe wa Hausawan Ibadan unguwar nan jama'a ke ƙaruwa, fili yana nan yadda yake. To amma ƙuncin wuri ne ya sa Alhaji ya manna shago a jikin tagar ɗan haya? Shi ya sa aka cika ramukan iskar da magina na dā suke bari a saman bango da siminti, wai don ɓera? Haba! Mai ɗaura hita ya ce sai an sayi bututun da zai fitar da hayaƙi waje, maigida ya ce a bari sai wani jiƙon. Shi ma mai aikin, don kada ciniki ya kuɓuce masa, ya ɗaura ya karɓi kuɗinsa ya tafi. A banɗakin da ƙofa ɗaya ce tal, a nan yaro zai shiga ya kulle kansa.

Mu 'yan haya ma ba mu fita ba. Janareta a zaure, janareta a ƙarƙashin bene, wai tsoron ɓarayi. Wurinsa waje ne, nesa da taga da ƙofa kamar mita 6, kuma kejin ƙarfe da kwaɗo ba su kai kuɗin man wata ɗaya ba a gida mai yawan jama'a in aka yi karo-karo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke rufe zancen in abu ya faru. A ce abinci ne, ko sammu, ko aljanu, a yi jana'iza a watse, janareta yana nan inda yake. Ajali gaskiya ne, ba wanda ke musu. Amma wanda ya haƙa rami a kan hanya ya rufe da ciyawa, ba zai fake da ajali ba.

Ina roƙon fadar Sarkin Hausawa da limamanmu su tashi mutane su bi gida-gida da gidajen wanka kafin Disamba. Duk hitar da ba ta da bututu a kashe ta. Wutar gas shuɗiya ake so. In ta koma rawaya tana baƙanta bango, a kira mai gyara. Duk tagar da aka toshe a fasa. In kuwa mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai tare, a fito da su sarari nan take, a kashe wutar, a garzaya UCH ko asibiti mafi kusa, a gaya wa likita hayaƙi ake zargi.