Daga Barewa zuwa Bobigny: karatu ba a aji kaɗai yake ba

Yau da iyayen da 'ya'yansu ke lise a Faransa nake magana, musamman mazauna Bobigny da kewaye. Da yawanmu doka ɗaya muke kafa wa yaro: da an tashi daga aji, sai gida. Tsoron unguwa ne ya jawo haka, kuma ba a ga laifinmu ba. To amma kafin mu ƙara jaddada dokar, mu waiwayi makarantar da muke alfahari da ita a gida.

An kafa Kwalejin Katsina a 1921 don horar da malamai, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. Ta koma Kaduna a 1938, ta sake ƙaura zuwa Zariya a 1949, a 1971 kuma aka raɗa mata suna Barewa. Mutum biyar da suka mulki Najeriya sun zauna a bencinta: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Idan ana ba da labarinsu, lissafi da Turanci ake ambata, a manta da abin da suke yi bayan la'asar. An raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin ɗalibai, ana gasa tsakaninsu. A Katsina Sardauna ya ƙware a wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kaduna ya fara rubuta wasannin kwaikwayo masu sukar zalunci. Da aka zo kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tsofaffin ɗaliban kwalejin ne a sahun gaba, mutanen da suka saba jayayya da juna tun suna samari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai Barewa ta maza ce zalla, kuma a farkonta 'yan ƙalilan aka zaɓa. A nan Faransa ƙofar a buɗe take ga kowa. Lisen gwamnati da ke Bobigny ma sunan mace ya ɗauka, Louise Michel, malamar makarantar da ta shiga boren birnin Paris na 1871, aka kore ta zuwa tsibirin Sabuwar Kaledoniya, can ma ta ci gaba da koyarwa.

Me ke akwai a lise bayan aji? Kowane aji yana zaɓen wakilai biyu da ke zama tare da malamai idan ana duba sakamakon zango. Akwai majalisar ɗalibai, CVL, mai wakilai 10 da ake tuntuɓa kan dokokin makaranta da tsarin karatu. Akwai Maison des lycéens, ƙungiyar da ɗalibai ke riƙe da shugabancinta da asusunta. Wannan ba kyauta aka ba su ba: bayan zanga-zangar 'yan lise ta 1990 aka samar da ita. Ranar Laraba da yamma kuma ta wasanni ce, ƙarƙashin kulawar malaman makarantar, da kuɗi kaɗan a shekara.

Ga inda abin ya shafi gaba. A Parcoursup, inda ake neman gurbin karatu bayan bak, akwai wurin da ɗalibi ke bayyana abin da ya yi ban da darasi. Yaron Liyon ko tsakiyar Paris zai cika shi da wasan kwaikwayo da aikin sa kai. Namu, da muka kulle a ɗaki shekara uku, me zai rubuta?

Ba cewa nake a sake yara sakaka ba. Ka je makarantar, ka san malamin da ke kula da ƙungiyar, ka san lokacin tashi. Idan 'yarka ta ce za ta tsaya takarar wakiliyar aji a farkon shekara, kada ka ce surutu ne. Zauna ka saurari jawabin da ta shirya, ka gyara mata inda ya karkace.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.