Tagar alminiyon ta fi dacewa da yanayinmu, amma a duba kaurinta

Duk mai gini da ke son tagar da za ta daɗe, alminiyon ya fi masa. Katako gara ke cinye shi, ya kumbura da damina, ya tsattsage da hunturu. Tagar roba ta uPVC ta fi tare zafi, amma mai araha takan koɗe ta yi rauni a zafin bazara. Alminiyon kuwa ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa.

Gaskiya ne yana ɗaukar zafi, amma inuwar baranda da labule na rage hakan. Asarar tana wajen sayen marar kauri, wanda ke lanƙwashewa har ƙura da sauro su samu hanya. Kafin ka biya, duba kaurinsa, ka tabbatar an sa raga da robar gefen gilashi. Araha ba ta ado.